Girgizar Ƙasa da Wuraren Ajiye Makaman Nukiliya: Ina Haɗarin Yake?

Da asubahin ranar Litinin, 6 ga watan Fabrairu na 2023, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Ƙarfin girgizar ya kai maki 7.8, kuma bayan kimanin sa'o'i tara wata mai maki 7.5 ta biyo baya. Mutanen da suka rasu a ƙasashen biyu sun haura 50,000. A birnin Adana dogayen benaye sun rufta da mutane a ciki suna barci. To, kimanin kilomita 10 gabas da Adana akwai wani sansanin jiragen yaƙi da ake kira Injirlik. Turkawa da harafin c suke rubuta sunan, amma c ɗinsu j ne a kunnen Bahaushe. Gwamnatin Amurka ba ta faɗin inda take ajiye makamanta na nukiliya a ƙasashen waje, ba ta amsawa kuma ba ta musantawa. Sai dai masu bin diddigin wannan al'amari sun ƙiyasta cewa a wancan lokaci akwai bama-bamai samfurin B61 tsakanin 20 da 30 a sansanin, cikin wasu ɗakunan ƙarfe da aka tona a ƙarƙashin rumfunan jirage.

Duk wanda ya ji waɗannan labarai biyu tare, tambayar da za ta fara zo masa ita ce: da a ce girgizar ta fi haka kusa, shin bama-baman za su tashi? Amsar a taƙaice ita ce a'a. Sansanin ma bai sami wata mummunar ɓarna ba, har ya zama masaukin jiragen da suka riƙa kawo kayan agaji. Amma wannan amsa ba ta kashe magana ba. A wannan darasi za mu ga cewa bam ɗin da aka gama ƙerawa aka rufe a ɗaki shi ne abin da ya fi wuyar lalacewa a cikin dukan sana'ar. Inda gizo ke saƙa shi ne a tsofaffin gine-ginen da ake sarrafa sinadaransa, da wutar lantarki da ruwan da ke sanyaya su, da kuma sharar da aka bari a baya.

Ƴan kalmomi tukuna

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi, domin gidajen rediyo da jaridu ba su bi hanya ɗaya ba wajen fassara su. Ƙarfen da ake haƙowa a Arlit, a Nijar ana ce masa iraniyom, a Nijeriya kuwa an fi jin yuraniyom. Kowane ɓangare ya ɗauko lafazin ne daga bakin Turawan da suka mulke shi. A nan za mu riƙe iraniyom. Ɗan'uwansa fulutoniyom ba a haƙo shi, ƙera shi ake yi a cikin tukunyar nukiliya, wato na'urar da ake fasa ƙwayar zarra a cikinta don samun zafi. Shi kuma wannan ƙarfi marar ganuwa da irin waɗannan sinadarai ke fitarwa, wanda ke ratsa jiki ya lalata shi, wasu na cewa tururi, wasu burbushi, wasu kuma guba kawai. Mu za mu ce tiriri, ko da yake kalmar ba ta cika daidai ba, tun da tiririn tukunyar tuwo ana ganinsa ana kuma jin zafinsa, wannan kuwa babu gani, babu ji, babu wari. Sai da na'ura ake sanin yana wuri.

Tiriri yana raguwa da kansa, amma kowane sinadari da nasa saurin. Lokacin da ƙarfinsa ke ɗauka kafin ya koma rabi shi za mu kira rabin-rai. Na siziyom 137 kimanin shekara 30 ne. Na fulutoniyom 239 kuwa ya ɗara shekara 24,000.

Game da ita girgizar, mai karatu ya ɗauka ɓawon duniya wata babbar ƙwarya ce da ta fashe, guntayen sakainarta na nan a jere suna gugar juna sannu a hankali, ƴan santimitoci a shekara. Layin da suka haɗu shi ne tsaga. Idan gefunan suka maƙale na ɗaruruwan shekaru, sa'an nan suka suɓuce farat ɗaya, ƙasa ta girgiza ke nan. A lura da ma'aunin, don yana ruɗin mutane: ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32, ƙarin maki biyu kuwa sau 1,000. Saboda haka tsakanin girgiza mai maki 6 da mai maki 8 akwai tazara mai nisan gaske.

Abin da ya sa bam ba ya tashi don an jijjiga shi

A tsakiyar bam na zamani akwai wani curin fulutoniyom da bai wuce girman lemo ba, an kewaye shi da nakiya ta ko'ina. Kafin ya tashi, dole nakiyar ta fashe ta kowane gefe a lokaci guda, cikin abin da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, ta matse curin zuwa ciki. Kamar mutum ne ya ɗauki curin fura yana son ya matse shi ya ƙanƙance: in ya danna ta gefe ɗaya kawai, sai furar ta tsarto ta tsakanin yatsunsa. Haɗari, ko faɗuwa ce ko gobara ko ruftawar gini, ta gefe ɗaya yake taɓa nakiya. Tun 1968 ƙa'idar Amurka ta tanadi cewa idan nakiyar bam ta fashe ta wuri ɗaya, yiwuwar a sami fashewar nukiliya kada ta wuce ɗaya cikin miliyan. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma aka fara amfani da wata irin nakiya da ba ta saurin kamawa ko an buge ta ko an ƙona ta.

Ba a takarda kaɗai maganar ta tsaya ba, haɗurra sun gwada ta. A watan Satumba na 1980, kusa da ƙauyen Damaskus a jihar Arkansas ta Amurka, wani ma'aikaci yana gyara a cikin ramin makami mai linzami samfurin Titan II sai kan sifana ya kuɓuce masa. Ƙarfen ya faɗi nisan mita 20 da ɗoriya, ya huda tankin mai. Bayan wasu sa'o'i ramin ya yi bindiga, murfinsa mai nauyin tan 700 da wani abu ya yi sama, kan makamin kuma ya faɗo waje. Ƙarfin wannan kan makami ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 600. Bai tashi ba. Mutum ɗaya ya rasu, wasu 21 suka ji rauni. Babu girgizar ƙasar da za ta wurga bam kamar yadda wannan fashewa ta wurga shi.

Amma akwai wani haɗarin da ya nuna ɗaya fuskar. Ranar 17 ga Janairu na 1966, jirgin yaƙin Amurka B-52 ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a sararin samaniyar Palomares, wani ƙauyen manoman tumatir da masunta a gaɓar tekun Sifen. Bama-bamai huɗu suka faɗo. Ɗaya ya faɗa teku, sai bayan kwana 80 aka tsamo shi. Biyu kuma nakiyarsu ta fashe da suka bugi ƙasa. Ba a sami fashewar nukiliya ba, amma fulutoniyom ya zama ƙura, iska ta watsa shi a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 2 ko fiye. Sojojin Amurka suka kankare ƙasa kimanin tan 1,400, suka zuba a durom-durom suka kai ƙasarsu. Bayan shekaru 50 akwai filayen da ke kewaye da waya a ƙauyen. Wannan ƙura ita ce ainihin abin tsoro.

Ƙura da gobara

Fulutoniyom abu ne mai ban mamaki. Tiririnsa ba ya iya ratsa ko fallen takarda, balle fatar mutum. Amma in ya zama ƙura aka shaƙe shi, sai ya zauna a huhu, daga baya wani ya wuce zuwa hanta da ƙashi, ya yi shekaru yana ƙona naman da ke kusa da shi har ya haifar da ciwon daji. Bugu da ƙari, ɓarɓashinsa na iya kama wuta da kansa idan ya haɗu da iska. Don haka a masana'antar da ake sarrafa shi ba a taɓa shi da hannu. Yana cikin wasu akwatunan ƙarfe da gilashi ne, waɗanda aka manna wa dogayen safar hannu na roba, ma'aikaci ya zura hannuwansa daga waje. Manyan fankoki kuma na zuƙe iskar ginin dare da rana suna bi da ita ta cikin matatai, ta yadda iska kullum shiga take yi, ba ta fita sai an tace ta.

Yanzu a kawo girgizar ƙasa cikin wannan ɗaki. Akwatuna su kife, gilashi ya fashe, wayoyin lantarki su haɗu su yi tartsatsi, bututun ruwan kashe gobara ya karye, fankoki su tsaya, ma'aikata kuma su buɗe ƙofofi suna gudun ceton rai. Duk matakan tsaron da aka jera don ɗaya ya rufa wa ɗaya baya sun lalace ke nan a minti guda. Wannan shi ne bambancin girgizar ƙasa da sauran haɗurra. Ba ta zuwa ta wuri ɗaya, kuma motar kashe gobarar da ake jira tana iya tarar da hanya ta tsage, ko a ce ana bukatarta a wurare ɗari cikin gari.

An riga an ga abin da gobara kaɗai ke iya yi. A watan Satumba na 1957 wuta ta tashi a masana'antar Roki Filats, kusa da birnin Denba, ta cinye matatan iska, hayaƙi mai fulutoniyom ya fita ta bututun hayaƙi. Wata gobarar ta sake tashi a wurin a watan Mayu na 1969.

Misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne Los Alamos a jihar Niyu Meziko, inda aka ƙera bam na farko a 1945. A can akwai wani gini da ake kira PF-4, wanda ya fara aiki a 1978, kuma shi ne babban wurin sarrafa fulutoniyom na makaman Amurka. An gina shi a kan tudu kusa da jerin tsagogin Faharito. Waɗanda suka zana shi ba sakarkaru ba ne, sun yi lissafin girgiza gwargwadon ilimin zamaninsu. Amma masana duwatsu suka ci gaba da tona ramuka suna karanta tarihin tsagogin, kuma a 2007 sabon nazari ya nuna ƙasar wurin na iya motsawa fiye da yadda aka zata. A watan Oktoba na 2009 hukumar da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa don sa ido a kan irin waɗannan wurare ta rubuta wa ministan makamashi. Ta ce idan babbar girgiza ta zo, gobara ta biyo baya, tiririn da mutumin da ke tsaye a bakin iyakar wurin zai sha na iya ninka ƙa'idar da ma'aikatar ta gindaya wa kanta fiye da sau 100. Wannan lissafi ne na mafi munin abin da zai iya faruwa, kuma mahukuntan wurin sun ce an yi masa ƙari. Duk da haka sai da aka shiga gyara: aka ƙarfafa rufin gini da ginshiƙansa, aka ɗaure ƙafafun akwatuna da daɓe, aka rage kayan da ke cin wuta, aka mai da fulutoniyom mai yawa cikin gwangwanaye masu jure zafi da faɗuwa. A 2018 kuma gwamnati ta tsai da shawarar a riƙa ƙera curi aƙalla 30 a shekara a wannan gini ɗin dai.

Abin lura a nan shi ne, ba ginin ne ya canza ba tsakanin 1978 da 2007, sanin da aka yi wa ƙasar da ke ƙarƙashinsa ne ya canza. Galibin wuraren ƙera makaman nukiliya na duniya an zaɓe su ne a shekarun 1940 da 1950, ana gaggawar yaƙi, kuma abin da aka duba shi ne nisa daga idon abokan gaba da samun ruwa da wuta. Bayanin motsin sassan ɓawon duniya kuwa sai a shekarun 1960 masana suka yarda da shi. A wani wurin ma hukuma ta ga gara a kwashe kayan. Cibiyar Libamo da ke Kalifoniya, wadda girgiza mai maki 5.8 ta yi wa ɓarna a Janairun 1980, an gama fitar da mafi yawan fulutoniyom ɗinta a 2012, ko da yake babban dalilin da aka bayar shi ne tsadar gadi.

Ruwa da wutar lantarki

Wutar murhu in an janye itace sai ta mutu. Tukunyar nukiliya ba haka take ba. Ko an kashe ta, sandunan makamashin da ke ciki na ci gaba da fitar da zafi, kimanin kashi 6 cikin 100 na zafin da take yi tana aiki, sa'an nan ya riƙa raguwa cikin kwanaki da watanni. Dole ruwa ya ci gaba da zagayawa, ruwa kuma ba ya zagayawa sai da injin, injin kuma sai da wuta.

Fukushima tashar lantarki ce, ba wurin makamai ba, amma babu inda aka ga wannan sarƙa ƙarara kamar can. Ranar 11 ga Maris na 2011, girgiza mai maki 9 ta auku a teku gabas da Japan. Tukwane uku da ke aiki suka kashe kansu nan take, kamar yadda aka tsara. Turakun wutar da ke shigowa daga waje suka faɗi, janaretoci suka tashi. Har zuwa nan komai na tafiya daidai. Bayan kimanin minti 50 sai igiyar tsunami ta iso da tsawon mita 14 zuwa 15, alhali an shirya wa wadda ba ta kai mita 6 ba. Ruwa ya cika ɗakunan ƙasa inda janaretoci suke. Cikin kwana uku cikin tukwanen uku ya narke, iskar haidurojin ta tarwatsa rufin gine-gine, mutane fiye da 150,000 suka bar gidajensu. Tashar Onagawa ta fi kusa da cibiyar girgizar, amma an ɗora ta a kan tudu mai tsawon kusan mita 15, ta tsira, har mutanen garin da ruwa ya cinye wa gidaje suka fake a cikinta.

Me ya haɗa wannan da makamai? Fulutoniyom ɗin bam daga tukunya yake fitowa, kuma kafin a ware shi sai an narkar da sandunan a ruwan asid. Abin da ya rage shi ne wani ruwa mai kauri, mai zafi, mai tsananin tiriri, wanda ake zubawa a tankuna. Ranar 29 ga Satumba na 1957, a masana'antar Mayak da ke yankin tsaunukan Ural na Tarayyar Sobiyet, na'urar sanyaya wani tanki ta lalace ba a gyara ba, sharar ta bushe ta yi zafi har ta yi bindiga. An kwashe mutane kimanin 10,000 daga ƙauyukansu ba tare da an gaya musu dalili ba, hukuma kuma ba ta amsa cewa abin ya faru ba sai a 1989. Ba girgiza ce ta jawo wannan ba, sakaci ne. Amma abin da sakaci ya yi wa tanki ɗaya, girgiza na iya yi wa da yawa.

A Hanfod da ke jihar Washinton, a bakin kogin Kolombiya, inda aka ƙera fulutoniyom ɗin bam ɗin Nagasaki, an daina aikin tun ƙarshen shekarun 1980. Abin da aka bari shi ne tankuna 177 a binne, ɗauke da shara fiye da lita miliyan 200. Daga ciki 149 bango ɗaya gare su, an gina su tsakanin 1943 da 1964, kuma ana zaton fiye da 60 sun taɓa yoyo. A watan Mayu na 2017 rufin wani ramin jirgin ƙasa da aka cusa gurɓatattun injuna a ciki ya rufta da kansa, babu girgiza babu komai, katakon da ya tokare shi tun shekarun 1950 ne ya gaji. An yi sa'a tiriri bai fita ba. Maganin da aka zaɓa shi ne a gauraya sharar da narkakken gilashi ta daskare, don abin da ya daskare ba ya malala. An fara gina masana'antar yin haka a 2002, ba ta soma aiki da shara ta gaske ba sai a 2025.

Sichuwan, da ƙananan abubuwan da ke ɓacewa

Girgiza mafi girma da ta taɓa aukuwa a tsakiyar yankin ƙera makamai ita ce ta lardin Sichuwan a ƙasar Sin, ranar 12 ga Mayu na 2008, mai maki 7.9. Mutane kusan 69,000 aka tabbatar sun rasu, wasu kimanin 18,000 suka ɓace. Tun shekarun 1960 Mao ya sa aka mai da masana'antun soja cikin waɗannan duwatsu, nesa da iyakar Sobiyet da kuma teku. Babbar cibiyar zana makaman nukiliyar ƙasar na birnin Miyanyang, tsohuwar masana'antar fulutoniyom kuma na kusa da Guwangyuwan, dukansu a yankin da girgizar ta taɓa. Gwamnati ta ce wuraren suna nan lafiya, kuma na'urorin auna tiriri na ƙasashen waje ba su ga wani abin tashin hankali ba. Amma babu wani baƙo da aka bari ya shiga ya duba. A ganina wannan babbar matsala ce da ta shafi duk ƙasashe masu makaman. Tashar lantarki tana karɓar masu bincike daga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wurin makamai kuwa mai shi ne kaɗai shaidar kansa, kuma labarin Mayak ya nuna yadda irin wannan shaida ke iya kasancewa.

Abin da hukumomin Sin suka bayyana da bakinsu wani abu ne dabam. Kwana 11 bayan girgizar, ma'aikatar muhalli ta ce an gano ƙullin sinadarai masu tiriri guda 50 da ɓaraguzai suka danne, an kwaso 35, saura 15. Waɗannan ba na soja ba ne. Ƴan ƙananan gwangwanaye ne, wani bai fi kan alƙalami ba, da ake sa wa a injin gasa ciwon daji a asibiti, ko na'urar duba walda, ko ma'aunin masana'antar siminti. Irinsu na nan a kusan kowace ƙasa, har da namu.

Kada ƙanƙantarsu ta ruɗi mai karatu. A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na Barazil, wasu masu tsintar ƙarafa biyu suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka ciro kan wani inji suka sayar wa dillalin gwangwan. Da aka fasa sai aka ga wani gari mai ƙyalli shuɗi cikin duhu, aka riƙa rarraba wa ƴan'uwa da maƙwabta don sha'awa. Siziyom 137 ne. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da yarinya ƴar shekara shida, aka auna mutane kimanin 112,000, aka rushe gidaje. Bayan kowace girgiza kuwa, sana'ar da ke fara farfaɗowa ita ce tsintar ƙarafa a cikin ɓaraguzai.

Dusar iraniyom

Idan aka niƙa dutse aka cire iraniyom, abin da ya saura kamar dusa ne bayan surfe, sai dai a nan dusar ta fi tsabar yawa nesa ba kusa ba, kuma kimanin kashi 85 cikin 100 na tiririn dutsen a cikinta yake zama. A garin Mailu-Su da ke kudancin Kirgistan an haƙi iraniyom daga 1946 zuwa 1968 don makaman Sobiyet. Aka bar tarin dusa 23 a cikin wani ƙuntataccen kwari, wasu a bakin kogi, a ƙarƙashin gangaren da ke zaftarewa, a yankin da ƙasa ke yawan motsi. A 1958 madatsar tari ɗaya ta ɓalle, dusa kimanin mita kubik 600,000 ta bi kogi. A watan Mayu na 2002 zaftarewar ƙasa ta toshe wani sashe na kogin daf da wasu tarin. Kogin nan yana gangarawa ne kwarin Fargana, inda mutane fiye da miliyan 10 na ƙasashe uku ke noman rani. Da taimakon Bankin Duniya an kwashe tari ɗaya mafi haɗari zuwa wani wuri mai nisa da ruwa, amma aiki ne na tifa-tifa da shekaru.

To, mu fa? Yammacin Afirka na zaune ne a kan tsohon dutse mai kwanciyar hankali, nesa da manyan tsagogi, kuma babu makamin nukiliya a nahiyar tun da Afirka ta Kudu ta wargaza nata a farkon shekarun 1990. Amma ba a ce ƙasa ba ta motsi sam ba. Girgizar Disamban 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini. Birnin Ankara na Gana ya girgiza a 1862 da 1906, sa'an nan ranar 22 ga Yuni na 1939, inda mutum 17 suka rasu. A Kwabenya, bayan garin Ankara, akwai wata ƙaramar tukunyar bincike ƙirar Sin, irinta ɗaya da ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙarfinsu kimanin kilowat 30 ne kacal, ba sa bukatar injin tura ruwa don su huce, saboda haka abin da ya faru a Fukushima ba zai faru da su ba. Abin damuwa a kansu shi ne iraniyom ɗin da aka zuba musu da farko irin wanda ake iya yin bam da shi ne, kimanin kilo ɗaya kowace. An mai da na Gana ƙasar Sin a 2017, na Zariya a 2018, aka musanya da wanda ba ya yin makami.

A Arlit da Akokan kuwa girgiza ba ta cikin manyan abubuwan tsoro. An fara fitar da iraniyom a Arlit a 1971, mahaƙar Kominak ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a ƙarshen Maris na 2021, ta bar dusa kimanin tan miliyan 20 a fili. Abin da ke iya ɗaukar ta shi ne iskar hamada, da iskar radon da ke fita daga cikinta, da ruwan da ke tsiyaya zuwa rijiyoyin da garuruwan biyu ke sha. Shirin da kamfanin ya gabatar shi ne a lulluɓe tarin da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2. Rabin-ran radiyom 226 da ke cikin dusar shekara 1,600 ne, na toriyom 230 da ke haifar da shi kuma kimanin shekara 75,000.